Bayan Maulidin Kaulaha: a tsaya Dakar ko a zauna Madina Baye har ranar tashi?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Senegal. In Allah ya kai mu, bana zan raka Hajiyarmu Maulidin Kaulaha, ni da maiɗakina. Tikitin da muka samu ya bar mana 'yan kwanaki tsakanin gama Maulidi da ranar dawowa. Hajiya ta ce ita ko da ta je aikin Hajji, ta tagar jirgi ta hango ruwan Jidda, ƙafarta ba ta taɓa taka bakin teku ba, kuma tana so ta taka. Wasu sun ce mini Dakar tsada ce kawai da cunkoso. To mu shiga, ko mu haƙura? In za mu shiga, ina da ina ya kamata a kai dattijuwa mai ciwon gwiwa?

Zakirun Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Alhaji, wanda ya je Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyas a Kaulaha, me zai nema a Dakar? Ku zauna ku ribaci kwanakinku. Ga wazifa a babban masallaci, ga ziyarar Shehu, ga Taiba Inyas inda aka haife shi, ga Kosi. Mako guda bayan Maulidi kuma ana sake taro na ranar suna. Mutane na tara kuɗi shekara da shekaru don su sami dare ɗaya a wurin, ku kuma an ba ku kwanaki za ku kai wa kifi.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, ai ba kishiyoyi ba ne. A yi ziyara a ƙoshi, sannan a kai tsohuwa ta ga ikon Allah. Ni a jami'ar Shaikh Anta Jop na yi karatu, kuma abin da na lura da shi ke nan: tun da aka buɗe sabon filin jirgi na Blaise Diagne a ƙarshen 2017, mutanenmu sun daina ganin Dakar ɗungurungum. Da can jirgi a Yof yake sauka, cikin gari, dole ka ratsa birni. Yanzu filin yana Jas, wajen kilomita 50 daga tsakiyar gari, kuma ta ɓangaren hanyar Kaulaha yake. Mota na ɗaukar ka ta juya maka baya da birnin. Sai mutum ya je Senegal sau biyar, ka tambaye shi launin teku ya ce bai sani ba.

Baban Khairat, ku shiga. Amma ka san yanayin garin tukuna. Dakar wani harshen ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, ruwa ta uku, hanyar shiga ta ɗaya. Shi ya sa cunkoson safe da na yamma ba ya da magani, kowa ta maƙogwaro guda yake shiga ya fita. Masauki shi ne rabin tafiyarku. In ka kama ɗaki mai araha a Pikin ko Gejawaye, abin da ka rage a kuɗin ɗaki za ka biya shi a taksi da ɓacin rai.

Hajiya Mai Shadda: Gaskiya ne wannan. Ni nakan sauka wajen unguwar HLM saboda kasuwar yadi, amma ku da ba sari ya kai ku ba, ku nemi Filato ko Madina ta Dakar ko Wakam. A kula, akwai Madina a Dakar, unguwa ce babba, kada a ce wa direba Madina kawai a rikice.

Baban Khairat: Na gode Hajiya. Batun kuɗi fa? Naira muke riƙe da ita.

Hajiya Mai Shadda: Kada ka tafi da naira ƙanena, takarda za ta zame maka. Ka canza tun daga Wapa, ko sefa ko yuro. Sefar da ake kashewa a Maraɗi da Kwatano ita ce ta Dakar. Ta Kamaru da Chadi daban ce, ba a karɓarta, ka duba da kyau kafin ɗan canji ya haɗa maka. Yuro kuma farashinsa da sefa a ɗaure yake, ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ya hawa ba ya sauka. Kuma ka nemi ƙananan kuɗi. Matsalar canji a garin nan ta fi ta ko'ina, ka miƙa wa mai taksi takardar dubu goma da safe sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Ɗan Damagaram: Ƙari a kan na Hajiya: in ana ciniki da Wolofanci, biyar-biyar suke ƙirga kuɗi, yadda mu a Nijar muke cewa dala. In mai kifi ta ce ɗari, sefa 500 take nufi. Mu wannan bai taɓa ba mu wahala ba, amma 'yan Najeriya yana rikita su. Ka ce a rubuta maka a waya, magana ta ƙare. Taksi kuma baƙi da rawaya ne, ba a kunna mita, a gama ciniki kafin a shiga. Biza babu ga mai fasfon Najeriya, sai dai kada a manta katin rigakafin shawara.

Zakirun Ƙofar Mata: To na ji. Amma in an shiga me za a gani? Ba wannan ƙaton gunkin na Farfaɗowar Afirka ba ne da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa? A fito daga hadarar Shehu a tafi kallon gunki?

Abban Tarihi: Malam, ba kai kaɗai ba ne ka faɗi haka. Lokacin da shugaban ƙasar na wancan lokaci, Abdoulaye Wade, ya gina shi, limaman Senegal da yawa sun yi huɗuba a kai, wasu saboda mutum-mutumi ne, wasu saboda shigar macen da ke jiki, wasu kuma saboda kuɗin, don an ce ya ci wajen dala miliyan 27 a lokacin da unguwanni ke kwana babu wuta. Kamfanin Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi, aka buɗe a Afrilun 2010, cikar ƙasar shekara 50 da 'yanci. Tsayinsa kusan mita 50. Ni ra'ayina, ko an ajiye batun addini gefe, aikin bai yi kama da Afirka ba, fuskokin ma ba na mutanen wurin ba ne.

Amma ga Hajiya ma maganar ba ta taso ba. Matakala kusan 200 ake hawa kafin a kai gindinsa. Tsaunuka biyu ne a wurin, shi yana kan ɗaya, a kan ɗayan kuma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina tun 1864, har yau tana aiki. Mota na hawa har sama. Daga can za ta ga teku ta kowane gefe ba tare da ta wahalar da gwiwa ba.

Anti Lami Jos: Ni dai na hau gunkin kuma ban ji imanina ya ragu ba, lol. Amma gaskiya abin da ya tsaya mini a rai ba shi ba ne, masallacin da ke ƙasansa ne, na bakin ruwa a Wakam. Hanya ce ke gangarawa tsakanin duwatsu, sai ga masallaci mai hasumiya biyu, gabansa kwale-kwalen masunta a jere a kan yashi, an yi musu fenti ja da rawaya da shuɗi, an rubuta sunayen shehunai da na iyaye mata a jiki. Kana sallah kana jin igiyar ruwa. Baban Khairat, nan za ka kai Mama ta taka ruwan. Ku je da la'asar lokacin da masunta ke dawowa.

Ɗan Damagaram: Ta taka, amma iya idon sawu, kuma a riƙe hannunta. Wannan ba Tiga ba ne. Kowace shekara in zafi ya zo ana rasa yara a gaɓar Dakar, musamman ta arewa, wajen Gejawaye da Malika, inda ruwa ke ja ta ƙasa. Gaɓoɓi da yawa hukuma ta hana wanka a cikinsu. In ana son wuri mai kwanciyar ruwa, Ngor ne, don tsibirin da ke gabansa yana tare igiya.

Zakirun Ƙofar Mata: Masallaci a bakin teku. To wannan da sauƙi.

Abban Tarihi: Ai Malam in masallatai kake so, Dakar za ta gajiyar da kai. Akwai babban masallacin Juma'a na 1964 wanda Sarki Hassan na biyu na Maroko ya halarci buɗe shi, ginin ma irin na Maroko ne, kore da fari. Akwai Masalikul Jinan na 'yan ɗariƙar Muridawa da aka buɗe a Satumbar 2019, hasumiya biyar, mafi tsayi mita 78, kuma mabiya ne suka tara kuɗin. Sannan ita kanta tashar jiragen ruwan tana da tarihi a wajensu: daga nan Faransawa suka ɗora shehinsu Ahmadu Bamba a jirgi a 1895 suka kai shi Gabon, bai dawo ba sai 1902. Muridawa na ba da labarin cewa da aka hana shi sallah a cikin jirgin, sai ya shimfiɗa buzunsa a kan ruwa. Za ka ga zanen wannan a bango da jikin motoci ko'ina a garin.

Na Zangon Kumasi: Ana ta zagaye-zagaye ba a faɗi babban ba. Gore. Wanda ya je Dakar bai tsallaka Gore ba, tsibirin nan mai gidan bayi, bai je ba.

Ɗan Damagaram: Ina zuwa nan Yaya. Baban Khairat, ka ware wa Gore yini guda cur, kada ka haɗa shi da kasuwa. Jirgin yana tashi daga cikin tashar ruwa, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tafiyar minti 20 ce. Jirgi ne babba mai bene, da kujeru, ba kwale-kwale ba, Hajiya ba za ta tsorata ba. Ku riƙe fasfo a hannu, don kuɗin tikiti hawa-hawa ne: na mazauna ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa ya fi tsada. In ba ka nuna takarda ba, kai ka jiyo. Kada ku je ranar Litinin, gidajen tarihi a rufe suke. Da tsakar rana ma gidan bayi yakan rufe na ɗan lokaci, don haka jirgin safe ya fi.

Ni abin da na fi so a tafiyar ma shi ne fita daga tashar. Jirginku ƙarami yana ratsa tsakanin manya-manyan jiragen kwantena, ga na kamun kifi sun yi tsatsa, ga injinan ɗaga kaya. A nan mutum ke gane dalilin garin. Faransawa ba don kyau suka dawo da hedikwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma daga Sanluwi zuwa nan a 1902 ba, don wannan ruwa mai zurfi ne da ke a ɓoye bayan harshen ƙasa. Har yau babban kaso na kayan Mali ta nan yake shigowa. Ka ga tireloli a jere masu lambar Bamako.

Tsibirin kansa ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Babu mota ko ɗaya. Lunguna ne na yashi, gidaje ja da ruwan ƙwai, furanni sun zubo ta kan katanga. Akwai tsohon masallaci a gindin tudu, bakin ruwa, za ku iya yin azahar a can. Kan tudun akwai manyan bindigogin Faransawa, amma hawan zai yi wa Hajiya yawa.

Anti Lami Jos: Gidan bayin nan, wallahi ban yi zaton zai taɓa ni haka ba. Ɗakuna ne a ƙasa, duhu, an rubuta a saman ƙofa: na maza, na mata, na yara, na 'yan mata. Akwai wani ɗan rami ƙarƙashin matakala inda ake tura masu gardama, mutum ba ya iya miƙewa a ciki. Sai ƙofar nan ta baya da ke buɗewa kai tsaye kan teku. Mai bayani ya ce mutum miliyan 20 suka bi ta nan. Wata baiwar Allah daga Amurka ta durƙushe tana kuka, muka kama ta.

Abban Tarihi: Anti, ba ina rage zafin abin ba ne, amma lissafin nan na miliyan 20 ba ya tsayuwa. Duk bayin da aka ɗora a jiragen Turawa zuwa nahiyar Amurka, daga Senegal har Angola da Mozambik, cikin shekara sama da 300, masana sun ƙiyasta su miliyan 12 da rabi. Ta yaya gida ɗaya a tsibirin da ko ruwan sha bai wadace shi ba zai fitar da 20? Gidan ma a ƙarshen ƙarni na 18 aka gina shi, na wani iyali ne na attajirai 'yan ruwa biyu, suna zaune a sama, ƙasa kuma kaya da bayi. Bayan ƙofar duwatsu ne, jirgi ba ya iya matsowa. Manyan tashoshin cinikin suna can Wida da Legas da Boni da Luwanda. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya riƙe gidan tun farkon shekarun 1960 har rasuwarsa a 2009, shi ya ɗaukaka labarin da bakinsa, kuma ya yi aiki babba, don ba don shi ba da Mandela da Fafaroma John Paul na biyu da Obama ba su tsaya a ƙofar nan ba. Amma tarihi tarihi ne.

Anti Lami Jos: Malam Abba, to in dubu ɗaya ne fa? In yaro ɗaya ne aka raba da uwarsa a ɗakin nan? Ku malaman makaranta kun iya kashe wa mutum jiki.

Abban Tarihi: Ko ɗaya ne ya isa a yi kuka, ban musa ba. Abin da nake gudu shi ne ranar da wani mai son wanke Turawa zai kama mu da ƙaryar lamba, ya ce ashe duka labarin ƙarya ne. Gaskiyar ta ishe mu, ba ta bukatar gishiri.

Na Zangon Kumasi: Ni na ga kurkukun bayi na Elmina da Kef Kos a Ghana kafin na ga Gore, kuma in don girma ne, Gore ba ta kama ƙafarsu ba. Kurkukun Kef Kos kaɗai zai haɗiye gidan nan sau da yawa. Amma akwai abin da mu Hausawa ba mu son a taɓo. Muna zuwa mu tsaya a ƙofa mu tsine wa Bature, alhali a Salaga kakanninmu fatake ba goro kaɗai suke saye da sayarwa ba. Rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan har yau.

Zakirun Ƙofar Mata: Alhaji, a bar tone-tone. Shawarar tafiya aka nema.

Abban Tarihi: Ai ba tone-tone ba ne Malam, ta biyu abin ya same mu. Mun sayar, an kuma sayar da mu. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, Hausawa da yawa da aka kama an gangara da su gaɓar Legas da Badagiri da Wida, aka kai su Bahiya ta Barazil. Su ne suka shirya tawayen bayi a can a 1807, kuma a babban tawayen Musulmi na 1835 an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato ɗan Kano ko Katsina da ya tsaya a ƙofar Gore, 'yan uwansa ba ta nan suka fita ba, amma ta wata ƙofa irinta suka fita.

Ɗan Damagaram: Mu a Nijar sai 2003 aka sa dokar hukunta bauta a kundin laifuka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnati da laifin kasa kare wata mata da aka sayar tana yarinya. Ba labarin da ba ne.

Amma bari in faɗi wani abu na Gore da masu bayani ba sa damuwa da shi. Makarantar William Ponty, inda Faransawa suke horar da malamai da akawu na duk ƙasashen da suke mulka a yankin, a tsibirin nan take daga 1913 har kusan ƙarshen shekarun 1930. Boubou Hama a nan ya yi karatu. Diori Hamani, shugabanmu na farko, shi ma. Modibo Keita na Mali da Houphouet na Kodibuwa duk 'yan makarantar ne. Ginin yana nan, ya tsufa. Ni da na tsaya gabansa na yi ta tunanin yaro daga ƙauyen Nijar a wancan zamani, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa faɗi ba, an kawo shi an ajiye a tsakiyar teku an ce ya koyi Faransanci.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi daɗi amma a dawo kan tambayar. Wanda ke son batun bauta ya buɗe masa zare daban, za mu zo.

Baban Khairat: Wallahi ina ƙaruwa, a bar su. Amma maiɗakina tana tambaya: abinci fa? Hajiya ba ta cin abin da ba ta san shi ba.

Hajiya Mai Shadda: Za ta ci har ta nemi ƙari. Cebujen shinkafa ce 'yar gutsattsari da aka dafa a romon kifi da tumatir, a ɗora kifi, rogo, kabeji, karas, gauta, a gefe ga tsamiya da yakuwa. Babu abin da ba ta sani ba a ciki. Abincin rana ne, wajen ƙarfe biyu, in kun je nema da dare sai dai saura. Abu ɗaya, suna sa busasshen kifi da wani naman kodi don ƙamshi, warinsa na da ƙarfi, in ba ta so sai a ture gefe. Mafe miyar gyaɗa ce. Yasa kaza ce ko kifi da albasa mai yawa da lemon tsami. Zoɓo suna ce masa bisap, ga kuma ruwan ƙwallon kuka da madara. Kofin Tuba da ake sayarwa a kowace kwana kimba ce a ciki, shi ya sa yake yaji a maƙogwaro.

In an gayyace ku gida, faranti ɗaya ake ci, kowa gabansa. Uwar gida ce ke gutsuro kifi tana tura wa baƙo. Kada ka miƙa hannu tsakiya.

Na Zangon Kumasi: Kuma a nan rigimar jollof tsakanin Ghana da Najeriya take mutuwa, don masu abin ke nan. Sunan ma na daularsu ne. UNESCO ta sa cebujen cikin kayan gadon duniya a 2021, mu muna can muna faɗa a Facebook.

Anti Lami Jos: Yaya ka yi ta kanka, ta Najeriya ta fi ta Ghana ko a gaban alƙali.

Ɗan Damagaram: In kewar gida ta kama ku, ku tambayi inda ake dibi hausa. Haka suke kiran shi. Mutanenmu ne, yawanci daga Nijar, suke gasa tsire da balangu da dare, da yajin ƙuli. Ka yi sallama da Hausa ka ga yadda za a ƙara maka nama. Su ne ma za su fi gaya maka inda ake samun ɗaki mai mutunci.

Kifi kuma, ku je Sumbejun da yamma, kan hanyar bakin teku. Kwale-kwale na sauke kaya, mata na gasawa nan take. Sai dai za ka ji masunta na kuka, kifi ya ja baya, suna ɗora laifin a kan manyan jiragen waje. Cof, kifin da ake alfahari da shi a cebujen, ya zama na masu hali. Irin waɗannan kwale-kwalen ne samari ke cikawa su nufi tsibiran Kanari na Sifen, tafiyar kwanaki a kan teku, da yawa ba sa isa. Mu hamada ke cin namu ta Agadas, su ruwa.

Maman Ilham: Sannunku. Ni tambayata tafkin nan mai ruwan hoda da ake nunawa a hotuna, da gaske ne ko gyaran waya ne?

Hajiya Mai Shadda: Da gaske ne amma sa'a ce. Gishiri ne ya yi masa yawa, wasu ƙwayoyin halitta ke ba shi launin, kuma sai da rani, rana tsaka, iska na kaɗawa. Ambaliyar 2022 ta shigar masa da ruwan sama ya koma kore na dogon lokaci. Maulidi kuma a 'yan shekarun nan cikin damina yake faɗowa. Kada Baban Khairat ya jigata tsohuwa tafiyar kilomita 30 da wani abu don ya nuna mata kududdufi. Masu haƙar gishirin dai abin kallo ne, suna shafe jiki da man kaɗanya su shiga ruwa har ƙirji.

Abban Tarihi: Batun damina ya kamata a ja layi a kai. Agusta da Satumba su ne ganiyar ruwa da gumi a Dakar, unguwannin bayan gari na cika da ruwa, sauro kuma ba ya wasa. Sanyin daɗin da ake yabon garin da shi daga Disamba ne zuwa Afrilu. Ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi. In an tashi da hadari, gidan tarihin wayewar baƙar fata da aka buɗe a 2018 yana kusa da tashar ruwa, ginin zagaye ne, akwai na'urar hawa bene, sai ku fake a can.

Zakirun Ƙofar Mata: Wani abu da ban ji an faɗa ba. Lokacin sallah. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, kuma da yake su ne ƙarshen yamma, azahar sai wajen ƙarfe biyu, Juma'a ma haka. Kada Hajiya ta tashi da agogon Kano ta yi asuba cikin dare. Kuma in dai za ku shiga, ku je Masalikul Jinan ɗin, ni ma an ce mini abin kallo ne. Ban ce na sauka daga ra'ayina ba.

Anti Lami Jos: Malam ya fara karkatowa.

Zakirun Ƙofar Mata: Ban karkato ba Hajiya. Cewa na yi a yi ranar suna a Madina tukuna.

Maman Ilham: Almajirai fa? An ce har sun fi na Kano.

Ɗan Damagaram: Suna nan, da gwangwanin tumatir a hannu, ƙafa ba takalmi, a kowace mahaɗar hanya. Talibe ake ce musu. Da yawa daga ƙauyuka ake kawo su, wasu daga Gine Bisau. Gwamnati ta sha shelar kwashe su daga titi, su ɓace kwana biyu su dawo. Ba za ka ji baƙunta ba ta wannan fannin, abin takaici. Waɗanda za su fi damun ku su ne 'yan rakiya na Filato da wajen kasuwar Sandaga, mutum ya manne maka yana "ɗan uwana, ɗan uwana", ya ɗaura maka abin hannu ya ce kyauta ne, ƙarshe ya kai ka shagon wansa. A ce masa jerejef, wato na gode, a ci gaba da tafiya, kada a tsaya. Waya kuma a aljihun gaba.

Hajiya Mai Shadda: Sandaga ma an rushe tsohon ginin, 'yan kasuwar sun watsu a titunan kewaye. In tsaraba ce, kasuwar Kermel ta fi tsabta amma farashin Turawa ne. Maiɗakinka ta je HLM, ba don shadda ta fi ta Kwari araha ba, ba ta fi ba, sai don ɗinki. Telolin Dakar a aikin surfani da yankan doguwar riga ba su da na biyu. Ta kai yadi ranar da kuka isa, ta ce gobe za ku tashi, in ba haka ba sai dai a aiko muku.

Baban Khairat: Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsara: mu yi ranar suna a Madina kamar yadda Malam ya ce, mu taho Dakar, mu sauka Wakam. Yini ɗaya Gore, yini ɗaya masallatai da bakin ruwa, kasuwa a tsakani. Saura yadda za mu taho daga Kaulaha da yadda za mu koma filin jirgi.

Ɗan Damagaram: Daga Kaulaha kusan kilomita 190 ne. Akwai motocin nan masu ɗaukar mutum bakwai, tsofaffin Fijo, suna sauke mutane a babbar tashar Pikin. Da Hajiya, ku saye kujerun tsakiya duka ko ku ɗauki shata, kujerar baya gwiwa a ƙirji ake zama. Bayan Maulidi mota na wuya, ka kama tun kwana biyu kafin nan. Cikin gari akwai sabon jirgin ƙasa da ya fara aiki a ƙarshen 2021, daga tsohuwar tasha zuwa Jamnajo, da dogayen bas masu lantarki da suka fara a 2024, suna da hanyarsu daban. Lokacin da na baro, jirgin ƙasan bai kai filin jirgin sama ba tukuna, ka tambaya in kun isa. In taksi ne, ku ce ya bi babbar hanya ta biya, ku kuma yi magana a kan wa zai biya kuɗin ƙofa kafin a ɗora kaya. In jirginku na dare ne, ku bar Wakam kafin la'asar.

Na Zangon Kumasi: Kuma in ranar ta faɗo Lahadi da ake kokawa a babban filin Pikin, ku ƙara awa biyu a kai.